Malam Muhammadu Bakatsine, Masanin Lissafin Da Ya Rasu A Misra

 Kwamitin wannan mujalla ya nemi in kawo tarihin wani babban mutum na da, kamar yadda aka saba yi a kowace fitowa. A fitowar da suka gabata an kawo na sarakuna da na mazajen siyasa, ni kuwa na ga ya kamata wannan karon a ba masu lissafi dama. Kun dai san ni, tun muna aji ɗaya ba ni da wani abin kirki da na iya in ba lissafi ba, kuma shi na ci abinci da shi shekara da shekaru a ofishin akanta na wata masana'anta a Challawa. Tun da na ajiye aiki nake tara yaran unguwarmu a nan Panshekara da yamma ina taimaka musu da aikin gida. Wannan zama da yara shi ya kai ni ga mutumin da zan ba ku labarinsa, wato Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda Larabawa suka sani da suna Alkashnawi, ya kuma rasu a birnin Alƙahira cikin shekarar 1741.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, a littafin lissafin yaranmu na ƙaramar sakandare akwai babi a kan yadda mutanen da suke ƙirga da yadda ake ƙirga yanzu. Ana nuna musu alamomin Misrawan zamanin Fir'auna, da lambobin Rumawa irin waɗanda ake gani a fuskar agogo, daga nan sai a tsallaka da su zuwa ƙirgan tushe biyu da kwamfuta ke aiki da shi. Duk wannan ilmi ne mai kyau, ba ni da ja. Amma yaron da ya gama babin nan yakan tashi da zaton cewa kakanninsa ba su san ƙirga ba sai da Bature ya zo, alhali kuwa shi kansa yaron kullum da safe yana riƙe da allo mai haruffa 28 waɗanda kowane ɗayansu lamba ne, bai sani ba.

Mafi yawan abin da aka sani game da Malam Muhammadu ya fito ne daga wurin masanin tarihin Misra, Abdurrahman Aljabarti, wanda ya kawo labarinsa cikin babban littafinsa mai suna Aja'ibul Asar. Aljabarti ya jingina shi ga Katsina, sa'an nan ya jingina shi ga Ɗan Ranko, wani gari a ƙasar Katsina wanda a wancan zamani zango ne na malamai da fataken goro masu zuwa Gwanja. Katsinar da ya tashi a cikinta kuwa tana kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na shigo mata daga Agadas da Gat, ga kuma tsohon ilmi da ya kafu tun zamanin da Shehu Almagili ya ziyarci Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya bi ta hannun irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani waɗanda suka rayu a ƙarni na 17. Saboda haka kada a ɗauka Malam Muhammadu daga sama ya faɗo. Gida ya tarar da karatu.

Wani abin da ya faru a zamaninsa ya shafi zancenmu sosai. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wato a daidai lokacin da malamin namu yake neman ilmi, kasuwannin Kano da Katsina suna komawa ga kuɗin da sai an zauna an ƙirga shi da hannu. A nan ƙasar ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, a zube ake ba da shi. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsunsa, biyar sau huɗu ta zama hauya, wato ashirin, hauya goma ta zama tsibi na metan, tsibi biyar ya zama dubu. Ɗari ta wuri ana ce mata zangu, jaka mai cin dubu ashirin kuwa ita ce keso. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a farkon 1851, ya rubuta irin wahalar da ke cikin aikin da gwanintar masu yinsa, ya kuma ce a Kano a lokacin wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya. Ku duba fa, biyar-biyar, ashirin-ashirin, wannan ai shi ne tushe biyar da tushe ashirin da muke wahalar da yara a kansu a allon aji.

Harshenmu ma ya ajiye alamar tsohon ƙirga. Kafin ashirin da talatin da arba'in su shigo daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku da gomiya huɗu ake cewa. Har yau tsofaffi kan ce ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, ko talatin biyu babu maimakon ashirin da takwas. Idan na zo koya wa yara dalilin da ya sa Rumawa suke rubuta tara da IX, wato goma a cire ɗaya, nakan fara da wannan, sai ka ga sun gane nan take. Da yake unguwannin da ke kewaye da Challawa da Sharaɗa sun tara ma'aikata daga ko'ina, a cikin yarana akwai 'ya'yan Yarabawa, su kuwa nasu ƙirgan ma ya fi namu yawan cirewa, domin 45 a wurinsu hamsin ce a cire biyar, kuma kan ashirin aka gina shi. Rannan sai aji ya zama kasuwa, kowa na faɗin na gidansu.

Mu koma ga malaminmu. Aljabarti ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, daga ciki akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagirmi, ƙasar da ke kudu maso gabas da Tafkin Cadi, wanda ya shahara da rubutu a kan tauhidi. Amma wanda ya fi tasiri a kansa shi ne Shehu Muhammadu Fudu. Ya lizimce shi kamar shekara huɗu, a gida da kan hanya, ya karanci nahawu da sarfu a hannunsa har ya ƙware. An ce ya haddace Maƙamatul Hariri haddar da in aka ambaci kalma ɗaya daga ciki zai kawo wadda ta gabace ta ba tare da ya yi tunani ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san Maƙama ba littafin wasa ba ne, kuma kawo kalmar baya ya fi kawo ta gaba wuya nesa ba kusa ba. Saboda haka malamin nasa ya fara yi masa laƙabi da mai Maƙama, daga baya ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. A hannun Shehu Muhammadu Bindu ne kuwa ya ɗauki ilmin hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da wafaƙi, kuma Aljabarti ya fayyace cewa bisa tafarkin mutanen Magrib ya koye su.

Wannan magana ta tafarkin Magrib tana buƙatar bayani, kuma a nan ne nake so malaman lissafi da ke cikinmu su tsaya su duba da kyau. A lissafin abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har ɗa mai tara. Daga ya mai goma sai a shiga gomomi, kaf ashirin, lam talatin, mim arba'in, nun hamsin. Daga ƙaf mai ɗari sai a shiga ɗaruruwa, har harafi na 28 ya tsaya a kan dubu. To amma jerin iri biyu ne, akwai na Gabas da ake bi a Misra da Hijaz, akwai na Magrib wanda shi ne ya zo mana nan ƙasar, kuma sun saɓa a haruffa shida. Sin a wurinmu 300 ne, a Misra 60. Sad a wurinmu 60 ne, a can 90. Shin a wurinmu 1000 ne, a can 300, su gain ne dubunsu, mu kuwa gain 900 ne. Malamin da ya tashi daga Katsina ya sauka Alƙahira dole ya riƙe jerin biyu a kansa, ya kuma san wanda mai littafi ya bi kafin ya fassara lissafinsa. Da wannan abajada ne malamanmu suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa ko littafi cikin kalma ɗaya a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Duk mai karanta waƙoƙin malaman jihadi na Sakkwato ya saba da shi.

Akwai kuma wata dabara da masu hisabi suke haddace haruffan da ita, wadda ni a ganina ta fi duk wani zane da na gani a littafin boko saurin shigar da matsayin lamba cikin kan yaro. Sukan tara haruffan cikin kalmomi tara, su fara da aiƙashi, bakar, jalas, damat, haka har zuwa ta tara. Aiƙashi ta ƙunshi alif, ya, ƙaf, shin, wato 1, 10, 100, 1000. Bakar ta ƙunshi ba, kaf, ra, wato 2, 20, 200. Jalas kuwa 3, 30, 300, damat 4, 40, 400. Kun ga kenan an ware kowace lamba da 'yan uwanta na gidan gomomi da na ɗaruruwa. Idan yaro ya rubuta wannan a jere ya dube shi, sai in tambaye shi, tun da biyu da ashirin da metan duk dangi ɗaya ne, me zai hana mu yi musu alama ɗaya, mu bar gurbin da muka ajiye ta ya nuna mana ko wacce muke nufi? In ya yarda, sai in ce ya rubuta mini 204. A abajada ra da dal ne kawai, ba a bukatar komai a tsakaninsu. Amma da alama ɗaya tilas a sami abin da zai tsare gidan gomomi da ba kowa a ciki, in ba haka ba 204 ta koma 24. A nan yaro yake gano amfanin sifiri da kansa, ba sai an sa shi ya haddace ba.

Sifirin nan da lambobi tara da muke amfani da su daga Indiya suka taso. Alkhawarizmi ya yi bayaninsu a Bagadaza wajen shekarar 825, suka bi ta Magrib da Andalus inda siffarsu ta canja ta zama kusan yadda muke rubuta 1, 2, 3 a yau. Wani ɗan fatake mutumin Pisa ta Italiya, Leonardo wanda ake kira Fibonacci, ya koye su a garin Bijaya na Aljeriya ya rubuta littafi a kansu cikin 1202, da haka suka bazu a Turai. Wato lambobin da muke kira na boko a bakin hamadar nan tamu Turawa suka ɗauke su.

Malam Muhammadu bai zauna gida ba. Ya kama hanyar gabas, ya ratsa ƙasashe da dama yana saduwa da sarakunansu da malamansu, yana ɗauka yana bayarwa, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A gabatarwar ɗaya daga cikin littattafansa ya nuna cewa an gargaɗe shi tun kafin ya isa da kada ya bayyana wa mutanen can cewa ya san ilmin haruffa, don gudun fitina, ya kuwa ɓoye har sai da aka matsa masa da roƙo. A Makka ya fara rubuta littafinsa Addurrul Manzum, wanda ya gina a kan wani littafi na Fakhruddin Arrazi game da taurari da ɗalasimai, ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146. Yana da wasu littattafan a kan manɗiƙi da nahawu. Wanda ya shafe mu a nan shi ne Bahjatul Afaƙ, na wajen shekarar 1732, wanda ya yi a kan haruffa da wafaƙi.

Wafaƙi shi ne abin da muke kira hatimi, wato zane mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi a ciki ta yadda duk layin da ka tara, na kwance ko na tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai ba ka. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Ko ta ina ka bi 15 za ka samu. Dalili kuwa, ɗaya zuwa tara in an tara su 45 ne, a raba wa layi uku kowanne ya sami 15. Sinawa sun san wannan hatimi tun da daɗewa, Larabawa ma haka, kuma sukan rubuta shi da haruffa, har ma haruffan kusurwoyinsa huɗu, ba da dal da wau da ha, wato 2, 4, 6, 8, su ne suka ba da kalmar buduhu da wasunku suka taɓa gani a jikin tsofaffin takardu. Malam Muhammadu ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi mai gidaje marasa rabuwa biyu, irin su mai biyar-biyar da mai bakwai-bakwai da na sama da su, ya kuma nuna yadda in ka juya hatimi ko ka kifa shi za ka sami wani sabo daga na farko. Mai gida uku-uku ɗin nan fuska takwas yake da ita in an bi wannan hanya, kuma nakan sa yara su nemo su duka takwas ɗin kafin in sallame su.

Daga cikin hanyoyin da ya kawo akwai ta tafiyar doki, wato irin tsallen da doki ke yi a wasan shaɗaranji, gida biyu a miƙe sa'an nan ɗaya a gefe. Ga yadda nake yin irin wannan da yara a hatimi mai biyar-biyar, ku gwada da jikokinku. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba ta gaba a hau gida biyu sama, a matsa ɗaya dama. In an fita ta sama sai a shigo ta ƙasa, in an fita ta dama a shigo ta hagu, kamar dai an naɗe takardar. Bayan kowace lamba biyar za a tarar gidan da za a sauka da kowa a ciki, to sai a ajiye lamba ta gaba a gidan da ke ƙarƙashin wadda aka rubuta ta ƙarshe, a ci gaba da tsalle. Abin da zai fito shi ne:

10   18    1   14   22
11   24    7   20    3
17    5   13   21    9
23    6   19    2   15
 4   12   25    8   16

Kowane layi 65 ne. Yara sukan tara su sake tarawa suna neman inda za su kama ni, kuma cikin wannan neman sai su yi tarawa sau goma sha biyu ba tare da sun ji sun yi aiki ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya sa hanyar take aiki, domin a nan ne tsohon ilmi da babin tushen lambobi suke haɗuwa. Ɗauki layin farko, ka rage ɗaya daga kowace lamba, za ka sami 9, 17, 0, 13, 21. Yanzu ka ƙirga kowacce irin ƙirgan mai wuri, biyar-biyar da saura. Ni da marafan kwalba muke yi. Tara tsibi ɗaya ce da saura huɗu. Goma sha bakwai tsibi uku da saura biyu. Sifiri ba tsibi ba saura. Goma sha uku tsibi biyu da saura uku. Ashirin da ɗaya tsibi huɗu da saura ɗaya. A rubuce a tushe biyar kenan 14, 32, 00, 23, 41. Dubi lambobin hagu, 1, 3, 0, 2, 4. Dubi na dama, 4, 2, 0, 3, 1. Kowane ɓangare ya ƙunshi sifiri zuwa huɗu, ba wadda ta maimaitu. Saboda haka tsibi goma ne a layin, wato hamsin, saura ma goma, ya zama sittin, a mayar da ɗaya-ɗayan nan biyar da aka rage ya zama 65. Duk layin da ka gwada haka za ka tarar, domin tsallen dokin ba ya barin lambobi biyu masu tsibi ɗaya ko masu saura ɗaya su haɗu a layi guda. Babban masanin lissafin nan na Turai, Euler, ya yi rubutu a kan hatimi ta irin wannan fuska ta raba kowace lamba gida biyu cikin 1776, shekara 35 bayan rasuwar malaminmu.

Yaron da ya gane tushe biyar ta wannan hanya, tushe biyu ba ya ba shi wuya. Maimakon tsibin biyar sai a yi na bibbiyu, 13 ta zama takwas da huɗu da ɗaya, a rubuta 1101. Shi ma wannan ƙirga na kwamfuta ba sabo ba ne kamar yadda yara suke zato, domin Leibniz na Jamus ya rubuta bayaninsa tun 1703, shekarar da Sharefa ya hau gadon Kano. Mu kanmu da muka yi firamare kafin naira ta zo a 1973, ai mun sha lissafin kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, ga sisi ga taro. Tushe goma sha biyu da tushe ashirin muke yi a lokaci ɗaya da bulala a kanmu, ba wanda ya gaya mana sunansa.

Na san abin da wasunku za su ce, domin iyayen wasu yara sun riga ku faɗa mini. Hatimi a wurin jama'a kayan tsibbu ne, a cikin laya ake ganinsa. Ba zan ɓoye ba, Malam Muhammadu da kansa bai ɗauki wafaƙi a matsayin wasan lissafi kawai ba. Ya yarda haruffa da lambobi suna da asirai, ya yi rubutu a kan ɗalasimai da taurari, ya kuma umarci almajiransa da su riƙa yin aikin a ɓoye kada su watsa shi ga kowa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan fanni, tun Ibn Khaldun ya soke shi a ƙarni na 14, kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne balle in raba gardama. Abin da na tsaya a kai shi ne, jimlar 65 ɗin nan ba ta dogara da imanin kowa ba. Musulmi ya tara, Kirista ya tara, wanda bai yarda da komai ba ya tara, 65 za su samu. Wannan ɓangaren nake koya wa yara, kuma nakan gaya wa iyayensu su zo su zauna su gani. Waɗanda suka zo, yawanci da takarda a hannu suke komawa gida. Ina ganin asara ce babba mu jefar da lissafin mutum mu kuma manta da sunansa saboda muna ƙyamar abin da wasu suke yi da hatimi, alhali Turawa sun ɗauki lissafin Girkawa da na Babila ba su ɗauki gumakansu ba.

Akwai wata nasiha da ya yi wa almajirai cikin littafin wadda kowane malamin lissafi zai ji daɗinta. Ya hore su da kada su yanke ƙauna in aiki ya ƙi fita, ya nuna cewa barin aiki a tsakiya jahilci ne, ya kuma kamanta mai neman wannan ilmi da mai neman abin da yake so, wanda ba ya samu sai da naci. Da alama shi ma ya yi fama da ɗalibai masu jefar da alƙalami in layi ɗaya ya ƙi daidaita.

A Alƙahira ya sami masauki a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin da na ambata. Shehu Hasan, wanda asalin danginsa daga yankin Zaila ne a gabashin Afirka, yana daga cikin manyan masana falaki da lissafi na Misra a zamaninsa, gidansa kuma matattarar malamai ce. Duk da wannan matsayi nasa, ya zauna ya ɗauki ilmin wafaƙi daga wurin baƙonsa Bakatsine. Mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a wannan birni, domin tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a can don ɗalibansu da alhazansu. Sai dai yawancinsu ɗaukar karatu suke zuwa yi. Shi kuwa ya je ya bayar.

A wannan gida ajali ya same shi cikin shekarar 1154 ta Hijira, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi wasiyya Shehu Hasan ya zama mai kula da abin da ya bari da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya gina kabarin ya rubuta suna da shekara a jiki. Shi Abdurrahman ba a ma haife shi ba sai bayan shekara goma sha biyu ko sha uku, saboda haka a gidan mahaifinsa ya tashi ya tarar da labarin da littattafan.

A zamaninmu, marigayi Dakta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya yi nazari a kan bayanin da Malam Muhammadu ya yi game da lissafin haruffa, aka buga a Ibadan cikin 1967. Wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta yi amfani da kwafen littafinsa da ke ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, ta kawo hatimansa cikin littafinta Africa Counts na 1973, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan Amurka. Roƙona ga 'yan ƙungiyarmu da ke koyarwa ko suke shugabancin makarantu a Kumbotso da sauran wurare shi ne, in an zo babin tsofaffin lambobi a ware darasi ɗaya tak, a kawo marafan kwalba, a rubuta aiƙashi a allo, a gina hatimi mai biyar-biyar, a faɗa wa yara sunan mutumin da garinsu. Ba sai an jira an canja manhaja ba, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ga wanda yake son ya riƙe shekarar rasuwarsa irin yadda malaman da suke yi, haruffa huɗu ne, shin da ƙaf da nun da dal, wato 1000 da 100 da 50 da 4. Amma a tuna da lissafin Magrib aka yi. In aka ba mutumin Misra ya karanta da nasa jerin, 454 zai samu. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu.